An yi mini tayin kujerar mai ba gwamna shawara, amma ina tsoron zama 'yar rakiya

Tambaya

Assalamu alaikum Anti. Ni injiniya ce a hukumar samar da ruwa ta jiharmu, shekarata 17 ina aiki, yanzu ina matakin mataimakiyar darakta. Ina da aure da 'ya'ya huɗu. Makon jiya aka kira ni gidan gwamnati, aka ce Maigirma Gwamna yana so ya naɗa ni mai ba shi shawara ta musamman kan harkokin mata. A jerin sunayen da na gani mun haura ashirin, ni kaɗai ce mace. Wanda aka ba ɓangaren ruwa kuwa ɗan siyasa ne da bai taɓa aikin ruwa ba, abin ya tsaya mini a rai. Ni ban san harkar mata ba in ban da cewa mace ce ni.

Maigidana ya ce ba zai hana ni ba, sai dai ba ya son taron dare da yawan tafiye-tafiye. Yayana ya ce shugabanci ba na mata ba ne, har hadisi ya kawo mini. Surukata ta ce macen da ta shiga gidan gwamnati ba ta fitowa da sunanta. Ƙawayena kuma sun ce in na ƙi na ci amanar mata, tunda da ƙyar ake tunawa da mu. Ni tsorona shi ne in bar aikin da na iya in koma rabon atamfa da keken ɗinki, a riƙa tsayar da ni a layin gaba in za a ɗauki hoto. An ba ni mako biyu in ba da amsa. Anti, in karɓa ko in ba da haƙuri?

Injiniya, daga wata jiha a arewa maso yamma

Amsa

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya sanya alheri. Shawarata ita ce ki karɓa, amma kada ki ce "to" sai kin yi amfani da makonni biyun nan kin gano wace irin kujera ake miƙo miki. Kujerun mashawarta iri biyu ne, akwai mai aiki akwai ta zaman banza, kuma takardar naɗinsu iri ɗaya ce.

Mu fara da abin da doka ta ce, domin da yawa kan yi rantsuwar kama wannan aiki ba su taɓa duba shi ba. Sashe na 196 na tsarin mulkin 1999 ne ya ba gwamna ikon naɗa masu ba shi shawara na musamman. Majalisar dokokin jiha ce ke ƙayyade yawansu da albashinsu. Sashen ya faɗa ƙarara cewa muƙamin yana hannun gwamna: ranar da ya ga dama ya sauke ki, ranar da ya bar mulki kuma ke ma kin tafi. Babu inda aka ce dole a ba ki ma'aikata, ko kasafin kuɗi, ko wurin zama a majalisar zartarwa. Babu ma inda aka ce dole ya saurare ki. Saboda haka nauyin kujerar ya rataya ne a kan abin da aka yarda aka ɗora mata tun farko, kuma yanzu da ake jiran amsarki ne bakinki ke da tsada. Da zarar kin yi rantsuwa, ke ma za ki shiga layin masu jiran ganin gwamna.

Ki dubi Amina Mohammed. A 2005 Obasanjo ya naɗa ta babbar mataimakiya ta musamman kan muradun ƙarni, wato manufofin raya ƙasa na Majalisar Ɗinkin Duniya. A takarda, sunan muƙamin bai fi naki ƙarfi ba. Abin da ya raba su shi ne a wannan shekarar ce Najeriya ta samu yafiyar bashi daga ƙasashen ƙungiyar Paris, kuma ofishinta ne aka ɗora wa kula da yadda za a kashe kuɗin da aka huta biya, kimanin dala biliyan 1 a shekara, a harkar lafiya da ilimi da ruwa. Ta yi aiki da shugabannin ƙasa uku a wannan kujera, ta zama ministar muhalli a 2015, tun 2017 kuma ita ce mataimakiyar babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya. A zamanin da take wannan aiki an naɗa ɗaruruwan mashawarta a Abuja da jihohi, maza da mata, waɗanda yau ko direbobinsu ba za su iya faɗa miki abin da suka yi ba. Wasunsu ma ba lalaci ne ya hana su ba, fayil ne bai taɓa biyowa ta teburinsu ba.

Don haka ki nemi ganin wanda ya kira ki, ko shugaban ma'aikatan fadar gwamnati ne ko sakataren gwamnatin jiha, ki yi godiya yadda ya kamata, sannan ki yi tambaya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wa zan riƙa kai wa rahoto, gwamna kai tsaye ko wani a tsakani? Akwai layin ofishin nan a kasafin bana, nawa ne, kuma nawa aka saki bara? Zan riƙa zama a taron majalisar zartarwa, ko sai an gayyace ni? Sai kuma tambayar da ta fi duka muhimmanci, wadda galibi ba a yi sai an riga an fara rigima: ina iyakar aikina da na kwamishinar harkokin mata, ina kuma iyakarsa da ofishin uwargidan gwamna? A jihohi da yawa ofisoshi uku ne ke kokawa a kan wannan ɗan ƙaramin fili da ake kira harkar mata, kuma a cikin ukun mai ba da shawara ce ta fi rauni. Kwamishina tana da ma'aikata da babban sakatare. Uwargidan gwamna ba ta cikin tsarin mulki, amma tana da kunnen da ke ba ki da shi. In ba a shata miki iyaka ba, za a wayi gari ana cewa mata ba sa jituwa da junansu, alhali wanda ya tsara abin ne ya haɗa ku a ɗaki ɗaya da kujera ɗaya. Duk amsar da aka ba ki, ki roƙi a sa ta a takardar naɗi ko a wata wasiƙa ta daban. Alƙawarin baki a gidan gwamnati ba ya kwana biyu.

Game da ɓangaren ruwa da aka ba wani, haushinki yana kan hanya. Wannan ɗabi'a ce da ta yi katutu: in mace ta yi karatun injiniya ko lissafin kuɗi ko shari'a, ranar rabon muƙami sai a manta da karatun a tuna da jinsinta. Ki nemi a canza miki, sau ɗaya, cikin ladabi, da takardar tarihin aikinki a hannu. Da wuya a yarda, domin wancan kujerar mai yiwuwa biyan bashin siyasa ne, an riga an yi alƙawarinta tun lokacin kamfe. In an ƙi, kada ki sake tayar da zancen, kuma kada ki soki mutumin a gaban kowa, za ki buƙace shi.

Amma ban yarda da ke ba da kika ce ba ki san harkar mata ba. Wa ke ɗebo ruwa a ƙauyukan da kika yi shekara 17 kina kai wa rijiyar burtsatse? Wace yarinya ce ke makara a makaranta saboda layin famfo, ko take daina zuwa gaba ɗaya bayan ta fara al'ada saboda makarantar ba banɗaki ba ruwa? A asibitocin karkara nawa kika ga ana karɓar haihuwa da ruwan jarka da dangin mai naƙuda suka sayo? Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 ta nuna fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da suka mutu a duniya sanadin ciki da haihuwa a Najeriya suke, kimanin 82,000 a shekara guda, kuma mun san wane yanki ne ya fi ɗaukar kason. Kamuwa da cuta bayan haihuwa na daga cikin abin da ke kashe su, tsaftar ɗakin haihuwa kuwa ba ta yiwuwa ba ruwa. Ke kin san kuɗin haƙa rijiya mai aiki da hasken rana, kin san yadda ɗan kwangila ke rage zurfi ya karɓi kuɗin cikakken aiki, kin san dalilin da ya sa famfo ke mutuwa bayan wata shida. Wannan ilimin ne za ki shiga da shi. Ki zaɓi abu ɗaya, misali ruwa a ɗakunan haihuwa na asibitocin matakin farko, ki ce a kan wannan za a auna ni. Rabon atamfa da injin markaɗe ba za ki kuɓuta daga shi baki ɗaya ba, siyasarmu ce haka, za ki je ki tsaya a yi hoton. Abin da nake hana ki shi ne ya zama shi ne aikin.

Hanyar kuwa ta cikin kasafin kuɗi take, kuma a nan kin fi 'yan siyasar da aka naɗa ku tare, domin ke 'yar gida ce. Kin san ma'aikatar kasafi da tsare-tsare na aika wa ma'aikatu takardar neman ƙiyasinsu watanni kafin ƙarshen shekara, kowace ma'aikata ta je ta kare nata, kafin gwamna ya kai majalisa. Shawarar da ta zo bayan an rufe wannan ƙofa hira ce. Kuma ko abu ya shiga kasafi, sai an rubuta memo an samu sa hannu, sai ofishin akanta janar ya saki kuɗi. Saboda haka manyan sakatarorin ma'aikatun lafiya, ruwa da kasafi sun fi miki amfani a kan duk wani mai babbar riga da ke zagaya gwamna. Ki kai musu ziyara a ofisoshinsu a watanki na farko. Duk shawarar da za ki ba gwamna ki rubuta ta, shafi ɗaya ko biyu, da adadin kuɗi da sunayen garuruwan da za su amfana, ki ajiye kwafi mai hatimin karɓa. A taron da mace ɗaya ke cikin maza ashirin, abu ne sananne ta faɗi magana a wuce, bayan minti goma wani ya maimaita a yi masa tafi. Takarda mai kwanan wata ita ce maganin wannan.

Kafin komai ki tsare aikinki. Kada ki yi murabus. Ki rubuta wa shugaban ma'aikatan jiha ta hannun hukumarki ki nemi izinin tafiya wannan aiki na wucin gadi, ki tabbatar an amsa a rubuce, an kuma faɗi matsayin ƙarin girmanki da fanshonki. Muƙamin siyasa na iya ƙarewa da sanarwar rediyo ɗaya, kin ga shekara 17 ba abin wasa ba ne. In kuma wata rana zuciyarki ta raya miki takara, ki san cewa a zaɓen 2023 dokar zaɓe ta 2022, a sashe na 84(12), ta hana mai riƙe da muƙamin siyasa tsayawa a zaɓen fid da gwani sai ya sauka. Ki duba abin da doka ta ce a lokacin da kika yi niyya.

Yanzu ƙawayenki. Gaskiyarsu cewa da ƙyar ake tunawa da mata. Bayan zaɓen 2023 mata 4 ne a cikin sanatoci 109, ita ma ta huɗun sai da kotu ta ba ta kujerarta. A majalisar wakilai ba su kai 20 ba a cikin 360. Majalisun dokokin Kano, Katsina, Jigawa, Sakkwato da Zamfara ba mace ko ɗaya, wato namiji ne ke shugabantar kwamitin harkokin mata. Har yau ba a taɓa zaɓen mace gwamna a Najeriya ba. A'isha Alhassan ta matsa kusa a Taraba a 2015, A'ishatu Binani ma a Adamawa a 2023, duk ba a kai ba. Manufar ƙasa kan jinsi ta 2006 ta ce a ba mata kashi 35 cikin ɗari na muƙamai, babbar kotun tarayya a Abuja ta umarci gwamnati ta aiwatar a Afrilun 2022, ga ki nan ke kaɗai a cikin fiye da ashirin. Wata ɗaya kafin wannan hukunci, 'yan majalisar tarayya sun yi watsi da ƙudurorin gyaran tsarin mulki da suka shafi mata, ciki har da na ƙara musu kujeru 111. Kuma kada wani ya ce miki addini ko al'ada ne kawai. Maƙwabtanmu na Nijar, masu yarenmu da addininmu, tun shekarar 2000 suka kafa dokar kaso, suka ɗaga shi a 2019 zuwa kashi 25 a kujerun zaɓe da kashi 30 a muƙaman naɗi. A nan gida Kwara ta yi dokar kashi 35 a 2021. Inda aka rubuta a doka ana samun matan. Inda aka bar wa son ran mai rabo, sai a ce an duba ba a samu wadda ta cancanta ba.

Duk da haka, maganar cin amana ki ajiye ta gefe. Ba ke kika hana mata kujeru ba, ba kuma ke kaɗai za ki biya bashin ba. Wannan nauyin da ake ɗora wa mace ɗaya tilo yana cikin abin da ke karya ta: in ta yi kuskure a ce ga irin ta nan, mata ba za su iya ba, alhali mazan da ke gefenta suna kuskure kowa da sunansa. In amsoshin da aka ba ki suka nuna kujerar fanko ce, ba kasafi, ba ganin gwamna, ba iyaka tsakaninki da sauran ofisoshi, ki ba da haƙuri da zuciya ɗaya. Darakta mai haƙa rijiya ta fi wa mata amfani a kan mashawarciyar da ba a shawarta.

Yayanki kuma ki bi shi a hankali, kada ki mai da abin gardama a gaban iyali. Ni ba malama ba ce, fatawa ba tawa ba ce, amma hadisin da ya kawo ya zo ne a kan labarin Farisawa da suka naɗa 'yar Kisra sarauta, kuma malamai sun daɗe suna tattauna iyakar hukuncinsa, da yawansu suna ɗora shi a kan shugabancin ƙoli na al'umma. Ke ba a ce ki mulki jiha ba, shawara aka ce ki bayar. A Hudaibiyya, lokacin da sahabbai suka yi nauyin jiki wajen yanka da aski saboda zafin sharuɗɗan sulhu, Ummu Salama ce ta shawarci Annabi (SAW) ya fita ya yi nasa ba tare da ya yi wa kowa magana ba, ya yi, suka bi. A ƙasarmu kuma Nana Asma'u 'yar Shehu ba a ɗaki ta ƙare iliminta ba. Ta tsara 'yan taru, wato ƙungiyar mata masu neman ilimi, ta naɗa malamai mata da ake kira jajoji suna kai karatu ƙauyuka, manyan daula suna girmama ra'ayinta. Ki roƙi yayan naki ku je tare wurin malamin da shi kansa ya yarda da shi, ku karanta masa ainihin aikin da aka ba ki. Sau da yawa abin da ke damun ɗan'uwa ba hukuncin ba ne, abin da abokansa za su ce a majalisa ne, kuma in ya samu amsar da zai ba su sai ya sauko.

Damuwar maigidanki ce na fi ɗauka da nauyi, domin ya taɓo ainihin abin da ke fitar da mata daga siyasa ba tare da an kore su ba. Manyan maganganu ana yanke su ne bayan isha'i, a falon wani, wani lokaci har ƙarfe biyun dare, washegari a zo taron rana a karanta abin da aka riga aka gama. Matar aure ba ta iya wannan zama, in ta yi kuma a ci naman ta. Kada ki yi wa mijinki alƙawarin da ba za ki iya cikawa ba, irin su "ba zan taɓa kaiwa magariba a waje ba". Ku zauna ku yanke abin da zai yiwu: ƙarfe nawa ne iyaka, wace irin tafiya ce za ki yi wace ce za ki tura wakili, wa zai kula da yara ranar da aiki ya riƙe ki. Ki nemi a ba ki mataimakiya mace da za ta riƙa bin ki duk inda za ki, taronki kuma ya kasance a ofis, ba a otal ko gidan wani ba. Ki gabatar da shi ga waɗanda za ki yi aiki da su tun farko. Taron daren da ba za ki je ba, ki tabbatar takardarki ta riga ki isa hannun wani da zai je, shi ya sa na ce kada ki ɓata da mai kujerar ruwa.

Surukarki kuwa abin da ta ji ake faɗa ta faɗa, kuma za a faɗa a kanki, kada ki yaudari kanki. Za a ce wane ne ya kawo ki, za a yi rubutu a Facebook. Wannan tsohon makami ne. Da shi aka yaƙi Hajiya Gambo Sawaba tun zamanin NEPU, ban da duka da ɗauri har sau 16, a lokacin da matan arewa ko ƙuri'a ba su da ita, domin sai a 1976 aka ba su. Ba ki da ikon rufe bakin mutane. Abin da ke hannunki shi ne mutanen gidanki su riƙa jin labarinki daga bakinki kafin su ji a waje. Ki je ki same ta da kanki, ki nemi albarkarta, ki riƙa faɗa mata inda za ki da abin da ya kai ki. Tsohuwar da aka ba girmanta ita ce kan fara tare miki faɗa a gidan biki.

In kin shiga, akwai aiki ɗaya da ba ya bukatar kasafi. Ki haɗa jerin matan jiharku da suka kai matakin darakta, da likitoci, lauyoyi, akantoci, malaman jami'a da manyan 'yan kasuwa, kowace da tarihin aikinta da lambarta. Hukumomin gudanarwa da kwamitoci ana cika su ne cikin gaggawa, wanda ke da suna a hannu a wannan lokacin shi ke cin nasara. Duk ranar da aka ce ba a samu mace ba, ki miƙa sunaye uku, kuma kada ki tsaya kan ƙawayenki ko 'yan ƙaramar hukumarku.

Ki kuma sa wa kanki wa'adi tun yanzu, ki faɗa wa maigidanki shi kaɗai. In kasafi biyu suka wuce ba abin da kika kawo da ya shiga, ko ya shiga ba a saki ko kwabo ba, ki rubuta takardar godiya ki koma hukumarki, tunda kin bar ƙofar a buɗe. Ki yi istihara kafin ki je ganin wanda ya kira ki, sannan ki rubuto mini abin da ya ce game da kasafin da kuma ofishin uwargidan gwamna.